Sunan da Manaja Ta Ƙi Faɗa

Tun da Dogo ya rasu a cikin injin gauraya, ƙaninsa Auta bai sake cin abinci tare da sauran ma'aikata ba. Yakan ɗauki kwanonsa ya koma bayan buhunan dusa, ya zauna ya ƙura wa injin ido. Wani lokaci sai ya ji kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfen daga ciki, a hankali, irin yadda yayan nasa yake buga masa ƙofa in ya makara.

Kamfanin abincin kaji ne, ba wani babba ba. Dogo ya daɗe a ciki, shi ya yi wa Auta hanya aka ɗauke shi. A makon Auta na farko, ko sunayen mutane bai gama riƙewa ba, Dogo ya shiga tukunyar injin zai kankare dusar da ta daskare, Direban inji ya ja sandar kunnawa. Auta yana can wajen famfo ya ji ihun. Da ya shigo a guje, sai mutane suka bar kallon injin suka koma kallonsa, kowa baki buɗe.

Da farko Auta ya so ya shaƙe Direba, aka riƙe shi. Kowa ya rantse ba laifin Direba ba ne, ya duba kafin ya ja sandar, kamar yadda ya saba.

"Ya duba me?" in ji Auta.

Kowa ya kau da kai. Washegari aka kawo kwaɗo aka saka wa sandar, aka ce daga yau duk mai shiga tukunya ya kulle ya shiga da makullin a aljihunsa.

To, in ba Direba ba ne, wane ne? Abin da Auta ke nema ke nan, suna ɗaya tak. Inna na tambayarsa kullum in ya koma gida. Matar Dogo ba ta tambaya, kallonsa kawai take yi in ya ajiye wa yara cefane, kuma wallahi gara tambayar da kallon.

Sai dai ya zo neman suna inda ba a ba da shi. Manaja, wata mace mai ɗan jiki wadda ba ta ɗaga murya, ta saba musu da aikin haɗin gwiwa. Kowace safiya ana tsayawa a da'ira, har mai shara yana da bakin magana. Takan ce, "In aiki ya yi kyau, naku ne. In ya ɓaci, ni za a tambaya." Su kuma su yi dariya a bayan idonta, su ce daɗin baki ne irin na manya.

Ashe ba daɗin baki ba ne. Da masu kamfani suka turo masu bincike, aka kira ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, amsarsu ta zo iri ɗaya: mu duka ne. Aka matsa wa Manaja ta fitar da mutum guda ko ta rasa kujerarta. Ta ba su sunanta.

Wannan bai sanyaya wa Auta rai ba, ƙara tunzura shi ya yi. Lokacin da abin ya faru ai tana ofis, kowa ya sani. Rufa-rufa ce kawai! Ga shi kuma duk sun bi sun dame shi da kirki. Mai ɗinkin buhu ya ɗauke masa aiki mai nauyi, mai shara ta ajiye masa shayi, Direba ya rame ya zama kamar sillen kara amma kullum shi ke fara gaishe shi. Ba mai iya haɗa ido da shi. Auta ya ce a ransa, haka marasa gaskiya suke.

Ranar da Manaja za ta bar aiki, ya same ta a ofis tana zuba tarkacenta a kwali.

"Ranki ya daɗe, tunda tafiya za ki yi, ki gaya mini. Ba zan taɓa shi ba, na rantse. So nake in yi barci kawai."

"Ni ce, Auta. Ni ya kamata in zaunar da kowane sabon ma'aikaci in koya masa wurin nan, ban yi ba."

"Yayana ba sabo ba ne! Kuma ba shi da sakaci."

"Ko kaɗan bai yi sakaci ba," in ji ta.

Nan ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka irin na yaro. "Ko magana ba mu yi ba ranar," ya ce. "Na zo wucewa na ga hularsa rataye a jikin sandar, sabuwa fil, ƙura na ta zuba a kanta. Na ce bari in cire in goge masa a wajen famfo, ya zo ya same ta tsaf. Ko ganinta bai yi ba."

Manaja ta tsugunna kusa da shi, ta bari sai da kukan ya lafa. "Allah ya ji ƙan Dogo," ta ce. "Tashi ka je gida, 'ya'yansa na jiranka. Kai kaɗai suke da shi."

Ya tashi ya fita. Ta bi shi da ido ta taga har ya wuce ƙofar kamfani, sannan ta ɗauki kwalinta. Ita da sauran sun riga sun yi alkawari, har abada ba zai ji daga bakin ɗayansu ba cewa a wurin nan hula a jikin sandar ita ce kaɗai alamar akwai mutum a cikin injin.