Ɗan Tauri a Ramin Yumɓu

Ka ce jarumta ta maza ce. To, gyara zama ka ji wannan.

A wani gari da ke bakin rafi an yi wani ɗan tauri wanda sunansa ya kai ko'ina. In makaɗa suka taɓa masa ganga ya tsuma, sai ya yi ta gurza wuƙa a cikinsa har ta lanƙwashe, samari na ihu, mata na guɗa. Matarsa maginiyar tukwane ce, ba ta da yawan magana, ga saurin firgita. Ko ƙadangare ne ya faɗo daga katanga sai ta zabura ta yi salati. Shi kuwa ya samu abin ba'a, yakan ce ranar da aka raba zuciya mata sun tafi ɗebo ruwa. Kullum da hantsi yana ganin ta shigo da kwandon yumɓu a ka, jikinta buɗu-buɗu, bai taɓa tambayar inda take samo shi ba. A ganinsa yumɓu ai ƙasa ce, ƙasa kuwa ga ta nan ko'ina.

Ran nan ta yi targaɗe a ƙafa, ga randunan da ta yi alkawarin ginawa gidan biki, yumɓu kuma ya ƙare. Ya ce ta zauna, shi zai ɗebo mata. Ta dai roƙe shi ya bi tsohuwar da ke jagorantar magina, duk abin da ta ce ya yi.

Da suka isa wurin sai ya tsaya turus. Ya zaci fili zai tarar, a sa fartanya a kwasa. Abin da ya gani rami ne a gindin wata doguwar gaɓa, bakinsa da ƙyar ya fi na rumbu, ya yi kwana ya shige ƙarƙashin ƙasa, duhu dulum. Ashe yumɓu mai kyau can ciki yake. Yana kallo wata mai goyo ta kwance jaririnta ta miƙa wa tsohuwar, ta ɗaura igiya a ƙugu, ta ɗauki dagi, ta yi bisimilla ta shige da rarrafe har tafin ƙafarta ya ɓace. Sauran matan suka riƙe igiya, suka yi tsit, kunnuwansu na kan gaɓa. Can sai ga ta ta fito da baya tana jan kwando, ta karɓi ɗanta ta sa masa nono kamar daga madafa ta fito.

Da layi ya zo kansa, idon mata a kansa, ba halin ja da baya. Ya shiga. Kafaɗunsa suka riƙa gogar bango, numfashi ya yi masa nauyi, marmashin ƙasa na zubo masa a ƙeya. Bai kai ga yumɓun ba ya ji wani abu ya ce ƙas a samansa. Nan take ya tuna duk maganin da ya sha na ƙarfe ne, babu ko ɗaya da aka yi don ƙasa. Bai san sa'ad da ya fito ba, kwando wayam, gumi sharkaf.

Ya jira dariya, ba wadda ta yi. Tsohuwar ta miƙa masa ruwa a ƙwarya ta ce, "Zauna, ɗana. Duk wadda ka gani nan haka ta fara. Mu ba ma ce wa yarinya kada ta ji tsoro. Mukan koya mata sauraren ƙasa, mu riƙe mata igiya, yau ta shiga kaɗan, gobe ta ƙara." Sannan ta nuna masa wani wuri can gefe inda gaɓa ta zube, ciyawa ta rufe. "Can ne tsohon raminmu ya rufta da yayar matarka. Matarka ce ta tono ta da hannu har faratanta suka fita. Bayan sadakar bakwai ita ta fara shiga wannan, don marayun yayar tata su ci abinci."

Ya saki baki, ƙwaryar ta suɓuce masa. Da shi aka yi zaman makokin nan, shi ya karɓi gaisuwa a ƙofar gida. An ce ƙasa ta faɗo mata, ya ce Allah ya jiƙanta, bai ƙara tambaya ba. Ya ga yatsun matarsa naɗe da tsumma a kwanakin, ya ɗauka ƙuna ce ta wurin gasa tukwane.

Matan suka cika masa kwando, ya ɗauko a ka ya ratsa gari bai kula kowa ba. Ya sauke a gabanta, ya tsuguna. Da ƙyar ya ce, "Kullum nan kike shiga?" Ta ce, "Kullum, maigida." Ya ce, "Ba kya jin tsoro?" Ta ce, "Ina ji mana," ta jawo yumɓun ta fara cuɗawa.

Washegari ya sari azara ya kai bakin rafi ya tokare bakin ramin da rufinsa iya inda zuciyarsa ta bar shi ya shiga. Sauran tsawon ramin kuwa, matan ne suka karɓi itacen suka ƙarasa, shi yana waje riƙe da igiya.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, sai an gwada akan san na ƙwarai.