Fenti Sabo

Wata uku tsohuwar tana sintiri a ofishin nan, tana neman keken ɗinkinta da aka kwashe ranar da aka rusa rumfunan bakin titi. Yau kuwa sai suka tura ta layin masu karɓar tallafi.

"Iya, ki manta da tsohon," in ji jami'in. "Ga sabo kyauta. Dubi mai hoto, ki yi godiya."

"Ɗan nan, ni ba bara na zo ba."

Ta durƙusa da ciwon gwiwarta, ta leƙa ƙarƙashin keken. Fentin ne kawai sabo. Wayar da ta ɗaure fedar da ita tana nan.

Ta miƙe, ta dafa abinta.

"To, ɗauki hoton. Sannan ku fito min da almakashina."