Tayoyin Barakatu

Ana fita tara, Shitu ya faɗa kan kwamfutar Barakatu. Ta bar zanen tayoyin mutum-mutuminta a buɗe, zanen da Malam Muzammil ke ta yabo a gaban aji kamar shi Shitu bai taɓa zana komai ba.

Ya ƙara wa giyar haƙora, ya faɗaɗa tayoyin. "Sai ki yi tafiyar amalanke," ya ce a ransa. Haka aka ƙera abin.

Ranar gasar makarantu a Kiru, ruwa ya sauka da safe, fili ya zama taɓo. Mutum-mutumin Shitu ya zabura kamar ɗan achaɓa, ya kafe, tayoyinsa na ta watsa laka. Na Barakatu ya raɓa shi a hankali, har ƙarshen layi.

Ta nufo shi da kofi a hannu.

"Na ga gyaran tun ranar, kuma kai kaɗai ne ba ka fita tara ba. Na gwada, na ga ya fi nawa ƙarfi. Allah ya saka, Shitu. Ungo wayata, ɗauke ni hoto."