Abin da Na'ura Ta Bari

Shekara uku da haramta shirye-shiryen tonon silili, Malam Ɗayyabu ya je gidan talabijin neman faifan ranar da ya kunyata ɗansa Nafi'u a bainar jama'a. Tun daga ranar Nafi'u bai ƙara shiga mutane ba har Allah Ya karɓi abinSa.

"Baba, doka ta ce sai na'ura ta goge duk kalma mai cutarwa kafin mu bayar," in ji wata ma'aikaciyar gidan.

"Muryarsa kawai nake so, 'yata."

Ta kunna masa. Ga Nafi'u, Allah Ya jiƙansa, yana ta cewa, "Baba, ka saurare ni." Shi kuwa Malam, minti arba'in bakinsa na motsi, ko kalma ɗaya na'urar ba ta bar masa ba.