Tsakuwa Ɗaya a Ƙwarya

Aka kife ƙwaryar ƙuri'a a kan tabarma: gyaɗa takwas, tsakuwa ɗaya. Gyaɗa tana nufin a kori mutum, tsakuwa a bar shi. Shi ke nan, komitin ƙungiyar majeman Damagaram ya raba Ɗan Azumi da sana'ar da ya shekara talatin yana yi, wai ya sayar wa fataken Kano fatu a ɓoye. Ko shaida ɗaya ba a kawo ba.

Malam Nomau ya miƙe tsaye. Tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, bai taɓa jeme fata ba, shi ya sa aka ɗauko shi ya zama mashawarcin da ba ya bayan kowa. Daga Takieta ya hawo motar gyaɗa da zazzaɓi a jikinsa, matarsa Kulu tana roƙonsa ya kwanta.

"Wallahi wannan zalunci ne!" Ya faɗa musu a gaban idonsu, ya fice.

A ƙofar zaure ya tarar da Ɗan Azumi yana naɗe wuƙaƙen jimarsa.

"Ɗan Azumi, tsakuwar nan tawa ce. Ni kaɗai na tsaya maka."

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa.

"Na sani, Malam. Sau uku suna korata, sau uku kumandan, baturen mulki, yana mayar musu da takarda, don doka ta ce ba a korar kowa sai da mutumin waje a zaune. Duk wanda suka kira, sai ya tausaya mini ya ce ba shi da lafiya."

Ya saɓa ƙunshinsa a kafaɗa.

"Kai kaɗai ka zo."