Ɗaki na Bakwai

Ƙafafun Baba ne suka riga idanunsa gane wurin. Yanar ido ta ci ƙarfin ganinsa, shi ya sa ma autarsa ta kawo shi birni, za a yi masa aiki washegari. Amma da suka hau matakalar dutsen da ke bakin otel ɗin da za su sauka, sai ya ji ƙafarsa ta rage tsawon taku a ta huɗu ba tare da ya gaya mata ba.

Auta ba ta lura ba, tana ta yabon zaɓinta. Ɗaki goma sha biyu ne kacal, in ji ta, ginin ya haura shekara ɗari biyu, kuma sai da ta yi wata guda tana jira kafin a ba su wuri. Ta tsokane shi cewa yau zai kwana a gadon da zai sa ya raina katifar gida.

Bai yi dariya ba. An sa maɓulɓular ruwa a tsakar gidan, an jera tukwanen furanni, ko'ina ƙamshi. Shi kuwa abin da yake ji daban ne: ƙarar sarƙa a kan dutse, da muryoyin mutane suna roƙon ruwa. Shekara arba'in ke nan da ya bar garin nan da jaka ɗaya, lokacin da gwamnatin wancan zamani ta faɗi aka buɗe ƙofofin wannan gida da take tsare mutane a ciki. Bai taɓa ba 'ya'yansa labarin ba. Abin da suka sani kawai, ubansu yana firgita cikin barci.

Yarinyar da ke karɓar baƙi tana rubuta sunansa sai wani dattijo ya fito daga ofishin baya, dogo, cikin kwat mai toka-toka, hannayensa a baya. Ta ce shi ne mai otel ɗin. Ya yi musu sannu da zuwa, ya dubi Baba, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ce a canja musu, a ba Baba ɗaki na bakwai, ita kuma na kusa da shi.

Fuskar ba ta fito wa Baba sosai ba, amma muryar ta shige shi har ƙashi. Ya san ta. Tsufa bai canja ta ba.

A hanyar ɗakin ya riƙe hannun Auta, ya ce su nemi wani masauki, wannan ya fi ƙarfin irinsa. Ta ɗauka kunya ce ta mutumin da bai saba da gata ba. Ta zaunar da shi a bakin gado, ta nuna masa bahon wanka da maɓallin kiran ma'aikata, ta ce bari ta sayo maganin ɗigawar da likita ya rubuta kafin la'asar. Kafin ya ce kada ta tafi, ta riga ta fice.

An lulluɓe ƙasan ɗakin da kafet mai laushi, an rataye labule mai nauyi, amma tagar tana nan can sama inda hannu ba ya kaiwa. Bangon ma shi ne, mai kaurin da in mutum ya yi ihu a ciki, na tsakar gida ba zai ji komai ba. Wannan Baba ya san shi sarai.

Ya lalubi sandarsa zai fita, sai aka ƙwanƙwasa.

Mai otel ɗin ne da kansa, ɗauke da farantin shayi. Ya shigo, ya mayar da ƙofar, ya tsaya tsakaninta da Baba. Ya ajiye farantin, ya tsiyaya shayin a hankali kamar wanda ba shi da wani aiki a duniya. Ya tambaya ko matashin kai ya yi masa, ko sanyin ɗakin bai yi yawa ba. Baba ya gyaɗa kai. Gumi ya jiƙe masa riga, yana kallon kofin yana tunanin abin da aka zuba a ciki.

"Ka gane ni?" in ji mutumin.

"Na gane ka."

"Ni ma tun daga yadda ka hawo matakala."

Ya ja kujera ya zauna, kusa ƙwarai, har Baba yana jin numfashinsa. Ya ce ya sayi ginin ne don ya gaji da ganinsa a mafarki, kuma shekara da shekaru yana tunanin abin da zai yi in Allah ya haɗa su. Ya shirya maganganu iri-iri. Yau kuma da ya ga yarinyar nan tana jan ubanta a hankali, tana gaya masa inda zai sa ƙafa, duk sun gudu.

Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "'Yata ba ta sani ba."

"Ba daga bakina za ta ji ba. Sha shayinka, Saje, babu komai a ciki. Gobe da kaina zan sa a kai ku asibiti."

Ya miƙo kofin da hannun dama. A nan kusa, ko da ido mai yana, Baba ya ga yatsun nan uku a karkace, waɗanda shi da kansa ya karya a cikin wannan ɗaki, a shekara ta biyu da aka damƙa masa tsaron fursunonin gidan.