Notin da Ya Ƙi Kwancewa

Tun safe take fama da notin birkin motar Baba a ƙofar gida. Tsatsa ta cinye shi, sifanar da take kwance shi da ita sai zamewa take yi. Ga shi gobe za ta kai Baba asibiti wankin ƙoda.

Malamin makarantar da ke maƙwabtaka da su ya zo ya tsugunna gefenta. Rabon da su yi magana tun ranar da ta ce masa ba za ta yi aure ta bar Baba shi kaɗai ba.

Ya fesa wa notin mai, ya ƙwanƙwasa shi da guduma, sannan ya zura bututun ƙarfe a sifanar ya danna. Notin ya juya, amma ƙarfe ya yanke shi a yatsa.

"Sannu, Malam! Allah ya saka da alheri," ta ce, tana miƙa masa hankici.

Bai ɗago ba. "Na yi tunani. Ba sai kin bar shi ba. Akwai ɗaki a gidana, na riga na gyara masa."

Ta daɗe tana kallonsa, idanunta sun ciko.

"Yana falo," ta ce a hankali. "Wanke hannunka ka shiga."